Faifan Gide Mai Garaya

Ranar da Rabo ya dawo hutu daga Kaduna, tsakar gidan mahaifinsa Alhaji Almu da ke Ƙanƙara ta cika da mata. Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk ma'aikacin da ya zo gida sai an gan shi da sabon abu, wani babur, wani agogo. Shi Rabo, da yake akawu ne a wata masaƙa, garmaho mai batir ya sayo, da faya-fayan da suka fito a watan.

Lauratu tana wurin. Ƙawar Asma'u ƙanwar Rabo ce, tare suka gama makarantar horon malamai, kuma ta hannunta ne suka san juna da Rabo. Kowa a gidan ya san da maganarsu, ranar kai gaisuwa kawai ake jira. Ta raɓe a bakin tabarma kanta a ƙasa, saboda Hajiya Kulu, mahaifiyar Rabo, na gefe tana tsinke zogale.

Aka fara da faifan wasu mawaƙan Legas. Asma'u ta shiga kaɗa kai tana cewa, "Wannan shi ne kiɗa, Yaya. Ji jita yadda take magana."

Hajiya Kulu ta taɓe baki. "Ni ban ji komi ba sai kamar ana dukan garwa."

Aka yi dariya. Aka sa na Indiya, nan ma gardama ta tashi — wasu su ce muryar macen ta yi siriri da yawa, wasu su ce ai daɗin ke nan. Sai Rabo ya zaro na ƙarshe daga ƙasan jakarsa, ya goge shi da hannun riga, ya saci kallon Lauratu, ya ɗora allura.

Tun kafin murya ta fito Lauratu ta gane hannun da ke kaɗa garayar. Mahaifinta ne.

Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu, kawunta Malam Abdulƙarim ya ɗauko ta daga Tafoki ya riƙe ta a Ƙanƙara. A makaranta ta ga yadda ake yi da 'ya'yan makaɗa, ana ce musu 'ya'yan maroƙa, ana tafa musu hannu idan sun wuce. Tun daga nan, in aka tambaye ta sana'ar babanta sai ta ce manomi ne a ƙasar Faskari. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi duka ba. Ko Asma'u abin da ta sani ke nan, haka ta gaya wa Rabo ma.

Asma'u ta toshe kunne. "Haba Yaya, duk faya-fayan Kaduna ka rasa abin saye sai wannan? Lokal ne fa sosai. Murya kamar ana jan turmi a ƙasa." Ta ɗauki kwalin faifan tana duba hoton da ke jiki. "Dubi hularsa don Allah. Gide Mai Garaya, Tafoki. Ke Lauratu, ba wajenku ba ne? Kin san shi?"

Ta miƙa mata kwalin. Ga shi nan zaune, ya rungume garaya, sanye da shuɗiyar rigar da yake zuwa Idi da ita, yana murmushin nan nasa mai nuna giɓi. Lauratu ta ji idanun matan duka a kanta.

"Ban san shi ba," in ji ta. "Ina dai jin sunan."

"To ya kika ji waƙar?"

"Hayaniya ce kawai. Irin ta ƙauye."

Rabo ya ɗaga allurar a hankali, waƙar ta yanke a tsakiya. Hajiya Kulu ta yi wa Lauratu kallo ɗaya, ta kwashi zogalenta ta shige ɗaki.

Washegari da la'asar Rabo ya zo ƙofar gidan kawunta. Bai zauna a kan dakalin da ya saba ba.

"Na san ko wane ne, Lauratu," ya ce. "Kawunki ya gaya wa Baba tun lokacin da aka zo bincike. Shago-shago na bi a Kaduna ina neman faifan nan, don kawai in ga kin yi murna."

Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Hajiya ta faɗa wa Baba abin da ya faru. Ya ce shi bai taɓa ƙin ɗiyar makaɗi ba, shi kansa ya yi noma da kiɗan babanki yana saurayi. Amma wadda aka ɗora mata hoton ubanta a hannu ta ce ba ta san shi ba, ranar da na tsiyace ko na nakasa, me za ta ce a kaina? Ya ce a bar maganar. Har ya fara ambaton Bilki, ɗiyar ƙanensa."

Hawaye suka zubo mata. "Kai kuma me ka ce?"

"Na ce ba zan saɓa masa ba, amma na roƙe shi kada ya ɗaura mini aure da kowa yanzu. Abin da zan iya ke nan." Ya miƙa mata faifan a cikin kwalinsa. "Naki ne. Don ke na saya."

Kwanakin da suka biyo baya ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Asma'u ta zo tana kuka tana cewa, "Sori, Lauratu, wallahi da na sani da ban buɗe baki ba." Lauratu ta ce mata ba laifinta ba ne, ita ra'ayinta ta faɗa. Abin da ke hana ta cin abinci ba auren ba ne kaɗai. Duk sanda ta dubi hoton nan sai ta tuna yadda yake zuwa Ƙanƙara da kaka, ɗauke da buhun gero da kaji, ya tsaya a zaure ya ƙi shiga, wai don kada ƙawayenta su gan shi. Ashe ya daɗe da lura.

Wata ranar kasuwa ta hau a-kori-kura zuwa Faskari, daga nan ta samu wata ta ƙarasa Tafoki. Ta iske mahaifinta gindin tsamiyar ƙofar gida yana sa wa fartanya ƙota. Ya miƙe da murna.

"Lauratu? Lahiya dai? Mi ya hwaru babu aike?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye faifan a gabansa. Ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa, ya daɗe yana kallon hotonsa.

"Ashe ya hito," ya ce. "Tun da suka kai ni Kaduna suka sa ni cikin wani ɗaki na yi waƙa, ban ƙara jin labari ba. Mu nan wa ke da garmaho? Ke kin ji shi? Ya yi daɗi kuwa?"

Nan kukan ya ƙwace mata. Ta gaya masa komai, ba ta rage kalma ɗaya ba, har da hayaniyar ƙauye da ta ce.

Malam Gide ya juya kwalin, ya sake juyawa.

"Da cewa kika yi waƙar ba daɗi, ai ba komi," ya ce a hankali. "Kunnenki ne. Ni kaina ranar mura nike, na san muryar ba ta hita yadda nike so ba. Ɗayar maganar ce dai ta yi mani nauyi."

"Baba ka yafe mini."

"Na yahe. Ni na ba da ke tun kina ƙarama, ban kuma zauna na gaya maki ko wane ne ubanki ba. Da garayar nan na biya kuɗin littattahanki, ban taɓa sata ba, ban taɓa zagin ɗan kowa da ita ba. Tashi ki shiga ki sha ruwa."

Ba ta koma Ƙanƙara da zama ba. Lokacin ana ta buɗe makarantun firamare a ƙauyuka, ana neman malamai ido rufe, sai ta roƙi a tura ta Tafoki, ta zauna a gidan mahaifinta. Da farko abin ya yi mata wuya. Yara suna kiranta Malama ɗiyar Mai Garaya, sai sun sake kira kafin ta amsa. Da damina ta bi matan gidan kai fura gonar gayya, ta tsaya ta ga yadda ƙarti da suka fara sanyi suke zabura da zarar mahaifinta ya kaɗa garaya ya kira sunan kakanninsu. Ranar ce ta fara sauraron waƙarsa daga farko har ƙarshe.

Sau ɗaya ta je Ƙanƙara, ta durƙusa a gaban Hajiya Kulu ta ce, "Hajiya, ban zo don maganar aure ba. Ƙarya na yi a gabanki, na zo ki yafe mini." Hajiya ta ce Allah ya yafe mana, ba ta ƙara komai ba. Daga Rabo kuwa sai gaisuwa ta bakin Asma'u. Lauratu ba ta aika masa da ƙorafi ba, ta bar wa Allah.

Bayan an ɗauke amfanin gona na shekara ta biyu, Malam Abdulƙarim ya zo Tafoki da labari. Alhaji Almu ya daɗe yana tambayar fataken hatsi halin da take ciki, kuma abin da ya ji ya gamsar da shi. An aurar da Bilki a Sabuwa ga wanda take so. Yanzu Alhaji na neman ranar da zai turo manya gidan kawun nata.

Lauratu ta sunkuyar da kai. "Kawu, kai ka riƙe ni, ba ni da abin da zan biya ka. Amma ina roƙonka, su zo nan. A zauren Baba nake so a nemi aurena."

Malam Abdulƙarim ya yi murmushi ya ce dama abin da ya dace ke nan.

Haka aka yi. Motoci suka taso daga Ƙanƙara suka tsaya a ƙofar gidan makaɗi, Alhaji Almu da kansa ya cire takalmi ya shiga zauren, ya zauna a kan buzu ɗaya da Malam Gide. Lauratu na cikin ɗaki tana jiyo fatiha, tana share hawaye.

'Yan'uwana matasa, kowa na da ikon cewa waƙa ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba. Amma iyaye ba abin zaɓe ba ne, kuma duk wanda ya ji kunyar sana'ar halal da aka rene shi da ita, wata rana kunyar kansa zai ji. Lauratu ta yi sa'a ta gane kuskurenta mahaifinta na da rai, ta kuma yi haƙuri har Allah ya mayar mata da abin da ta kusa rasawa.