Wayar da Ke Bakin Rami

Hussaini mai gadi ne ya kwana da na'urar injiniya a rumfar bakin rami a daren nan.

Kwana biyu ke nan da ramin farar ƙasa na bayan Ɗanzomo ya rufta da ɗansa Habibullah. Injiniya George ya binne wayoyi kewaye da ramin, ya haɗa su da kwamfuta. Da ƙasa ta motsa, sai wani koren layi ya zabura a fuskarta. Ya ce babu mai sauka tono sai layin nan ya kwana bai motsa ba.

"Oga, da ransa fa. Na ji yana ƙwanƙwasawa," in ji Hussaini.

"Baba, ba zan binne mutum goma saboda ɗaya ba."

Can tsakar dare kukan gyare ya ɗauke. Wani dogon mutum ya shigo rumfar babu sallama, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rani ake ciki.

"Malam Hussaini, ɗanka yana kiranka. Zare wayar nan, layi ya kwanta, da safe su sauka."

Hussaini ya durƙusa ya kama wayar. Baƙon ya matso. Ba a jin takunsa, amma duk ƙafar da ya ajiye sai layin ya yi tsalle.

"Su nawa za su sauko mana?" in ji baƙon. Bakinsa bai motsa ba. Daga ƙarƙashin gwiwoyin Hussaini muryar ta taso.

Hussaini ya saki wayar, hawaye na bin gemunsa.

"Ba zan zare ba."