Zalika da Ingilishin Fushi

"Zalika Manzo, tashi ki faɗa mana sunanki da Ingilishi!"

Zalika ta miƙe. Jiya ta haddace jimlar tsaf, amma da Mushe, malamin Ingilishi, ya zuba mata ido sai harshenta ya ƙage.

"Mai... mai... mai..."

"Mai gyaɗa ko mai shanu?" in ji Balki, 'yar ajinsu. Aji ya tuntsire da dariya.

A kwalejin Tanut ne, shekarar 1983.

Da aka tashi, Aghali, ɗan Buzaye makiyayan garin Belbeji da ya daɗe yana satar kallonta, ya tare ta.

"Share hawayenki, hasken idona. Idon mutane ne ke ɗaure miki baki. Zo ki gwada da raƙumin kawuna, shi ba ya dariya."

Kullum da la'asar sai ta tsaya gaban raƙumi tana yi masa Ingilishi, raƙumi na tuƙa, Aghali na gyara mata, zuciyarta na narkewa...

Balki kuwa, wadda ita ma Aghalin take so, ta garzaya wurin mahaifin Zalika.

"Baba Manzo, Buzun nan ya yi wa 'yarka asiri! Da raƙumi take hira, da yaren aljanu!"

Manzo ya iso da sanda, Balki da rabin unguwa na biye.

"Daga yau ke da lakwal, makarantar bokon nan, har abada! Kai kuma kada in sake ganin rawaninka!"

Zalika ta ga Balki na murmushi. Fushi ya taso mata, sai Ingilishi ya ɓalle kamar ruwan kwazari! Ta wanke Balki tas, ta nuna Aghali ta ƙara wata jimla, ko tuntuɓe babu.



"Me ta ce?" in ji Manzo.

Aghali ya haɗiye yawu. "Ta ce... Allah ya ja kwananka, Baba."

"Ƙarya yake yi, Baba! Cewa na yi Balki munafuka ce, kuma shi nake so!"

Manzo ya sauke sanda, yana susar gemu.

"Aljani ba ya rashin kunya da Hausa haka. 'Yata ce. Kai yaro, in ta gama lakwal, turo manyanka. Amma ka sani, ran da ta yi fushi, ba ni zan raba ku ba!"

Bayan shekara biyu aka ɗaura aure.