Filas ɗin Don Aníbal

Wani dare a farkon sanyi, Luján tana wanke kwanuka sai ta ji wata ƙara daga garejin maƙwabta, kamar an jefa saniya a rijiya, saniyar kuma ta yi dariya kafin ta nutse. Aka sake, aka kuma sakewa. Ta goge hannu ta fita.

Samari huɗu ta tarar da jita da ganguna. Ɗayansu, mai ƙiba da gashi har kafaɗa, ya tsoma bakin kakaki cikin bahon ruwa yana busawa.

"Wa ke mutuwa a nan?" in ji ta.

Ya ɗago, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya kalle ta har ya manta da rufe baki.

"Ba kowa. Wani ne ya faɗa teku a waƙarmu, muna neman ƙarar faɗuwarsa."

"To ku same ta da wuri, gobe ina da aiki."

"Ki yi dariya sau ɗaya, mu tashi."

Ya busa. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

Sunansa Heber, shi ne mawaƙin Kyankyasan Gareji, 'yan kiɗan rok da ba sa waƙa sai ta barkwanci. Tun daga ranar kullum yana rakiyarta gidan burodin da take aiki. Tana ce masa Lukuti, yana ce mata Siririyata, wata uku suka wuce kamar mako guda.

Ranar da waƙar ta fito, a cikin bas ta ji ta. Labarin wani kwandasta ne da ya je kamun kifi kan katangar masunta, igiyar ruwa ta kwashe shi, ya fito ba kifi, ba takalmi, ba filas ɗin ruwan zafinsa na shan mate, wato shayin ganyen ƙasarsu. Fasinjoji na ta ƙyaƙyatawa, ban da ita. Duk unguwarsu ta La Teja an san wanda abin ya faru da shi shekara talatin da suka wuce. Mahaifinta ne, Don Aníbal.

Kafin mako ya zagayo waƙar ta cika birnin Montevideo. Direbobin tasi na rera ta, masu sayar da kayan miya ma haka. In Don Aníbal ya shiga wurin mahauci, sai wani ya kumbura kumatu ya yi ƙarar nutsewa.

"Mai gashin nan ba zai taka mini gida ba," in ji tsohon. "Ga Gastón likitan haƙori, mutum mai natsuwa, bai taɓa ba kowa dariya ba."

Luján ta shiga ɗaki ta tura wa Heber saƙo: "Ashe babana ne. Ka biyo ni ne don ka samo ƙarin baiti?"

Nan take amsa ta zo: "Siririyata, na rantse da jitata ban sani ba. Kakata ce ta ba ni labarin, ba suna. In kin ce a janye waƙar, gobe na janye. Ke ce dai ba na iya janyewa."

Ta karanta sau biyar. "Ka zo ranar Lahadi, Lukuti. Ka taje gashi."

Ranar Lahadi aka zauna a tsakar gida ƙarƙashin inabi. Don Aníbal na riƙe da ƙoƙon mate, yana cikawa yana miƙawa. Ya ba 'yarsa, ya ba ƙanwarsa, ya zo kan Heber ya tsallake. Zagaye na biyu ma haka. Luján ta sunkuyar da kai, don ko ɓarawo ba a yi wa wannan a gidansu.

"Don Aníbal," in ji Heber, "na zo ba da haƙuri. Na sa ana yi maka dariya."

"Dariya? Shekara talatin ana yi mini, ban rame ba." Tsohon ya buga ƙafa. "Ƙarya ka yi mini, yaro! Ka ce na saki filas. Ni? Da hannu ɗaya na yi iyo, filas na bisa kaina kamar jariri. Da na fito, ruwan ciki bai ko huce ba. Yanzu ƙasa duka na ganin Aníbal Techera mutum ne mai sakin filas. Wa zai ba irin wannan mutum amana?"

Heber ya zaro takarda daga aljihu. "Faɗa mini yadda aka yi, daga farko."

Aka shafe awa biyu. Igiyar ruwan ta yi tsawon bas. Sai ga wani kifi ya shigo labarin, wanda tsohon ya riƙe da haƙora har gaɓa. Luján ba ta taɓa jin zancen kifin ba. Tsohon yana cikin bayani, bai ko duba ba, ya cika ƙoƙon ya miƙa wa Heber.

Ta lalubo hannun Lukutinta a ƙarƙashin tebur ta matse.

Sabon baitin ya fi na farko karɓuwa. Mahauci ya koma zaɓar wa Don Aníbal nama mai kyau, baƙi na tsayar da shi a hanya su ɗauki hoto da filas ɗin.

Da bazara aka ɗaura auren. Aka rufe layin da tebura, hayaƙin gasasshen nama ya tashi har saman rufi. Don Aníbal ya ɗora hannu a kan ango da amarya.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu riƙe abin da aka ba su. Ka riƙe mini ita, ɗana."

"Da hannu biyu, Baba."

"Ɗaya ma ya isa in ka iya."

Kyankyasai suka saki kiɗa, tsohon ya karɓi abin magana ya rera baitinsa da kansa, Luján ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta. Da aka gama tafi, sai Doña Zulma, tsohuwar maƙwabciyarsu, ta ajiye cokali ta ɗaga murya.

"Aníbal, filas kam na gani da idona, ina wurin ranar. Amma wai wane kifi?"