Doktar Sabo

Haulatu ba ta gama cire takalmin makaranta ba mata suka fara sallama a tsakar gidan mahaifinta Alhaji Isiyaku, kowace da ledar magani a hannu.

"Dokta ta dawo! Sannu da hanya, Dokta! Don Allah duba min ƙwayar nan, tun da na fara sha kaina ke juyawa."

Haulatu ta yi murmushin yaƙe, ta karɓi kwalin tana jujjuyawa. Shekararta goma sha bakwai, ko allura ba ta taɓa riƙewa ba, amma duk Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, daga bakin masallaci har gangaren Mokola, babu mai kiranta da sunan yanka. Laifinta kawai shi ne tun firamare ba ta taɓa zuwa ta biyu ba, sannan ta ci jarrabawar makarantar kwana ta masu hazaƙa da ke bayan gari. Ranar da sakamako ya fito, mahaifinta, wanda dillalin goro ne, ya bi rumfa-rumfa yana raba goro yana cewa 'yarsa likita ce, takarda kawai ta rage. Ya sayo mata farar riga irin ta asibiti da na'urar awon jini. Mutanen Sabo kuwa in suka laƙa maka suna, da shi za a yi maka sallar gawa.

Abin da Sabo ba ta sani ba shi ne yadda makarantar take. Ranar farko shugabar makaranta ta ce duk wanda ya saba zuwa na ɗaya ya ɗaga hannu. Zauren gaba ɗaya ya ɗaga. Yara suka kwashe da dariya, ita kuwa Haulatu ta gane a nan dole wani na ɗaya ya koma na ƙarshe. A can, sakamako a filin taro ake karanta shi da amsa-kuwwa, daga sama zuwa ƙasa, kana tsaye a rana kana jiran sunanka. Nata sai ƙafafu sun gaji yake fitowa. Ta bar zuwa cin abincin rana, ta bar wasa, ta rungumi littafin Kemistiri har idanunta suka fara ruwa, amma a banza. Ga ƙawarta Muhibbat, 'yar Ogbomosho da ke kwana a gadon samanta, tana shan gari da gyaɗa tana warware lissafin da ya sa Haulatu kuka, ba ta ma san wani abu ta yi ba.

Ƙarshen shekara aka cire ta daga ajin kimiyya aka mayar da ita ajin adabi. Malamin da ya gaya mata ya yi ƙoƙari, ya ce a duk ajin babu mai rubutu kamarta, babu mai muhawara kamarta, Turanci ne ko Yarabanci. Ba ta ji ko ɗaya ba. Ta tafi wurin wanki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

A cikin keken da ya ɗauko su daga makaranta ta faɗa wa mahaifinta. Ya juyo ya dube ta.

"Wa kika gaya wa?"

"Babu kowa, Baba."

"To ki bar shi a cikinki. Ko innarki. Ko Anwar."

"Baba, Yaya Anwar ai..."

"Musamman shi! Ina zan kai fuskata a Sabo? Ki gama makarantar tukuna, Allah zai kawo mafita."

Anwar ɗan Hajiya Saude ne, babbar dillaliyar albasa a kasuwar Bodija. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago a Mokola. Tun suna Islamiyya yake son Haulatu, ita ma tana son sa, so mai kunya wanda bai wuce gaisuwa a zaure ba. Iyaye sun riga sun yi magana, in ta gama makaranta za a kawo gaisuwa. Duk ranar ziyara yana zuwa mata da gari da ƙuli-ƙuli, ya zauna nesa kaɗan a kan benci yana ba ta labarin unguwa. Ita kuwa Hajiya Saude, gaskiya ba Haulatu take so ba, farar rigar take so. "Surukata likita" ya fi albasa yawa a bakinta a kasuwa. Haulatu ta san ranar da rigar ta faɗi, auren ma zai iya faɗuwa.

Haka ta shekara da ƙaryar da ba tata ba, tana karanta wa mata abin da ke jikin kwali tana cewa su koma wurin wanda ya rubuta musu. Yau ma haka ta yi niyya, sai ga Hajiya Saude ta shigo tana ɗingishi, ta dafa kafaɗar wata maƙwabciya.

"Ku matsa min, ni ce mai Dokta! 'Yata, zo ki ga abin da ƙusa ta yi min."

Ta zauna a kujera ta kwance tsumman da ke ƙafarta. Wari ya fara isowa kafin ido ya gani. Babban yatsa ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bi, ƙafar ta kumbura tana sheƙi. Kowa a Sabo ya san Hajiya na da ciwon suga. Haulatu ba likita ba ce, amma abin da ta tsinta a aji ya ishe ta sanin wannan ba ciwon ruwan zafi da gishiri ba ne.

"Hajiya, wannan na asibiti ne. Yau ɗin nan, ba gobe ba."

"Haka Anwar ke damuna. Asibiti! In je su yanke min ƙafa kamar ragon layya? Ina da likita a gida zan je in bi layi? Wanke min ki ɗaure, hannunki ma waraka ne."

"Hajiya, wallahi ya fi ƙarfina..."

"Ji kunya irin ta surukai! Alhaji, yi mata magana mana."

Alhaji Isiyaku na tsaye bakin ƙofar ɗakinsa. Ya ce, "Haulatu, je ki sa rigarki ki duba Hajiya."

Ta shiga ɗaki, ya biyo ta, ya rage murya. "Wanke kawai ki naɗa bandeji. Daga baya a lallaɓa ta ta je asibitin."

"Baba, muddin tana ganin ni likita ce ba za ta je ba. Ƙafarta za ta tafi, ko ranta."

"Ki rufa min asiri, Haulatu. Ni ne fa ubanki."

Ya fita. Ta tsaya tana kallon rigar a jikin ƙusa, hawaye na zuba. Ta tuna Anwar a kan bencin nan yana ɓare mata gyaɗa. Ta san abin da za ta rasa, ta san shi sarai. Sannan ta fito sanye da kayan makarantarta kamar yadda ta shiga, ta durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, ki yafe min. Ni ba likita ba ce, kuma ba zan zama ba. Tun bara aka cire ni daga sayans, na kasa. Ban san komai a kan ƙafar nan ba sai abu ɗaya, in ba ki je asibiti ba za ki rasa ta."

 Wata ta miƙa hannu a hankali ta ɗauke ledar maganinta.

"Kin kasa?" Muryar Hajiya ta fito siririya. "Tun bara? Ina yawo a Bodija ina tallar ki, ashe ana yi min dariya a ɓoye? Alhaji! Da saninka aka mai da ni abin wasa?"

Duk idanu suka koma kansa. Alhaji Isiyaku ya gyara hula, ya dubi ƙasa.

"Wallahi Hajiya, yanzu nake ji, kamar ke."

Haulatu ta ɗago ta dubi mahaifinta. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, kalmar kuma ta zo har bakinta. Ta haɗiye ta. Duk abin da ta sha a filin taro bai kai ɗacin wannan ba.

"Maƙaryaciya!" Hajiya ta miƙe tana naɗe tsummanta. "Har ubanki kika yaudara! In dai ni na haifi Anwar, ba zai kawo min 'yar ƙarya gida ba. Asibitin ma zan je, don ki san ba ke kaɗai Allah ya halitta ba!"

Da la'asar Anwar ya zo zaure, daga asibiti yake, an kwantar da Hajiya. Bai zauna ba.

"Haula, ni sayans ko ats bai dame ni ba, ai ba makaranta zan aura ba. Amma ni ma? Duk bizitin ina zuwa ina tambayarki ya karatu, kina ce min fain. Me na yi da ban cancanci gaskiya ba?"

"Ka yi haƙuri, Yaya Anwar."

"Ba haƙuri na zo nema ba, dalili nake so. Ko wani ne ya sa ki?"

Inuwar mahaifinta na bayan labulen zauren, tana ganin ƙafafunsa. Ta girgiza kai. "Babu kowa."

Ya juya ya tafi.

Sauran hutun ba ta leƙa ko ƙofa ba. Yaran unguwa suka sauya mata suna zuwa "Doktar albasa". Matan da suka sha zama a tabarmar gidan suka riƙa cewa dama su sun daɗe da zargi. Mahaifinta ya daina haɗa ido da ita, ya koma cin abinci a rumfa. Da aka koma makaranta, a okada ta tafi tasha ita kaɗai da akwatinta.

Abin mamaki, makarantar da ta tsana ita ta zama mata mafaka. A nan ba wanda ya damu da wani Dokta. Amma ranar ziyara azaba ce. Motoci su cika fili, a shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa, ƙamshin jalof da soyayyen nama ya cika ko'ina, ita tana zaune a barandar aji tana yi kamar karatu take. Muhibbat ce ke zuwa ta ja hannunta.

"Abeg tashi jare! Mamata ta kawo amala, ta ce in ba ki zo ba ita za ta zo ta ɗauke ki. Ke da kika kayar da 'yan sayans a dibet, kina kuka a kan Kemistiri?"

Haka ta riƙa ci da hawaye a tabarmar mutane. Ba ta kira Anwar ba, ba ta aika masa kowa ba. Ta riƙe sallarta, ta riƙe littattafanta, ta bar wa Allah sauran. A zangon ƙarshe aka fara kiran sunanta a filin taro tun rana ba ta fara cizo ba, amma ba ta da wanda za ta kai wa labari.

Ranar ziyarar ƙarshe kafin jarrabawar fita, wata ƙaramar ɗaliba ta ce ana neman ta a bakin get. Anwar ne, ya rame, hannunsa babu ko leda.

"Babanki ya zo shagona," ya ce, ko gaisawa ba su yi ba. "Dattijo kamarsa, ya zauna a kan bencin kwastoma yana kuka. Ya faɗa min komai. Ya ce tun ranar da ya ji abin da likitoci suka ce bai ƙara samun sukuni ba."

"Me suka ce?"

"Yatsu biyu suka cire. Sun ce da ta ƙara jinkiri kaɗan, daga gwiwa za a yanke." Ya share ido. "Haula, me ya sa ba ki faɗa min ba? Na zarge ki, na bar ki ke kaɗai a nan..."

"Ubana ne, Yaya Anwar. Da na tsiraita shi gaban matan Sabo, da wane ido kai ma za ka dube ni?"

Ya ce ya je wurin kawunsa, an tsayar da magana, ana gama jarrabawa za su kawo gaisuwa, ko duniya za ta taru.

Da ma iyaye za su ji: a bar yaro ya zama abin da Allah ya yi shi. Duk wanda ya ɗora wa ɗansa sunan da ba nasa ba don a yaba masa a unguwa, ƙarya ya ɗora masa, kuma yaron ne zai biya da hawayensa. Haƙuri ya dawo wa Haulatu da Anwar, ya kuma sa ubanta ya faɗi gaskiya da bakinsa. Sai dai kada wani ya ɗauka wanda aka ceta dole ya gode.

"Hajiya fa?" Haulatu ta tambayi Anwar a hankali.

Anwar ya sunkuyar da kai. "Ba ta huce ba. Ta ce bakinki ne ya jawo aka yanke mata yatsu. Yau da zan fito ta biyo ni tun daga ɗaki har bakin titi, tana rantsuwa ba za ta taka wurin bikinmu ba."

Haulatu ta dube shi, hawaye na gangarowa.

"Har bakin titi? Wa ya riƙe ta?"

"Babu kowa. Da ƙafarta ta zo."

Ta goge fuska da gefen hijabinta. "To alhamdu lillahi," ta ce. "Ta yi ta zagina, tunda a tsaye take yi."