Wa Ya Sauya Giyabos ɗin Gunnar?

Kunnen Gunnar Sigvaldason ne ya fara gano satar.

Ranar wata Asabar ce cikin watan Afrilu, kwana huɗu da sallamo shi daga asibiti, inda ya yi wata uku yana jinyar shanyewar ɓarin jiki. 'Yarsa Signy ce ke tuƙa 'yar tsohuwar jar motarsa, shi yana gefe da sanda tsakanin ƙafafunsa. Suna barin garin Gimli ta taka mai, allura ta hau kilomita ɗari, sai injin ya kwantar da murya kamar na motar zuwa cefane.

"Wace giya kike ciki?" in ji Gunnar.

"Ta biyar, Baba."

"Juya mu koma gida."

Da giyar otomatik motar ta zo duniya, shekara talatin da uku da suka wuce. Lokacin sanyi biyu Gunnar ya cinye a gareji kafin ya mayar da ita mai giyar hannu. Ya sauya haƙoran cikin giyabos ɗin don ta riƙa zabura, ya kuma saka ƙarfen da ke ɗaure tayoyin gaba su ja tare, ko da ɗaya ta hau santsi. Da wannan giyabos ya ci tseren kan ƙanƙarar tafki sau bakwai. A kilomita ɗari ihu injin ya saba yi.

A gareji ya sa Signy ta ɗaga gaban motar da jak, ya ce ta juya tayar dama. Ta juya ta zuwa gaba, ta hagu ta juya baya. Da nasa ne, tare za su tafi.

"An cire nawa," ya ce. "An saka min na bola."

Ya dubi daɓen garejin. Babu sabon tabon mai ko ɗigo ɗaya, kuma ba a sauke giyabos ba tare da an zubar da mai ba. Ke nan fitar da motar aka yi, aka yi aikin a wani wuri, aka dawo da ita. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Kafin la'asar Orest Malanchuk ya iso da tukunyar miyar kabeji da matarsa ta dafa. Shekara talatin suna tsere tare, motarsu iri ɗaya, ta Orest shuɗiya. Duk zaman asibitin nan bai taɓa yin kwana uku bai leƙo ba. Ya ji labari, ya ajiye tukunyar, ya girgiza kai.

"Kai ma ka san wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan giyabos ɗin nan," ya ce. "Sau nawa Marcel Lavallee ya taya shi ka hana?"

"Sau uku."

"To, me kake jira, tsoho? Je ka shaƙe shi."

Gunnar bai fara da Marcel ba, da gida ya fara. Signy ta san motar ciki da waje, amma ita ta matsa a fito da ita a ranar don ya sha iska, ɓarawo kuwa ba ya jan mai kaya zuwa wurin ɓarna. Saura mijinta Darcy, wanda ke da makullin garejin, wanda kuma ya taɓa cewa a gaban jama'a wannan gwangwanin ya isa sayarwa.

"Ka shiga garejin nan ina kwance?" Gunnar ya tambaye shi washegari.

"Sau biyu. Shebur na ɗauka."

"Ka taɓa motar?"

"Haba Gunnar, ni da ko taya ta yi faci sai na kira a zo a canza min?"

Gunnar ya jefa masa makulli. "Tayar da ita."

Darcy ya shiga, ya murɗa, shiru. Ya sake murɗawa, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya fito yana share hannu a wando. "Batir ne ya mutu."

Batir lafiyarsa lau. Akwai wani ɗan maɓalli da Gunnar ya ɓoye a bayan mazubin tokar taba, in ba a danna shi ba motar ba ta ko tari. Darcy bai san da shi ba, bai ma san a taka kuloci ba. Gunnar ya karɓi makullinsa, ya ce masa ya je ya ci abinci.

Ranar Litinin Signy ta kai shi wurin Marcel Lavallee, bakanike mai gareji a bakin babbar hanya, abokin hamayyarsa a kan ƙanƙara tun suna da baƙin gashi.

"Ina giyabos ɗina, Marcel?"

Marcel ya dube shi daga sama har ƙasa. "Sannu da dawowa ma ba za ka bari in yi maka ba? An sace ne?"

"An sauya."

"Sauyawa? To wannan ɓarawo akwai ladabi. Ni da zan sata, har in ba ka canji?" Ya yi dariya, ya ga Gunnar bai taya shi ba, ya daina. "Tun washegarin Kirsimeti nake Texas wurin ƙanwata, sai ƙarshen Maris na dawo. Gwiwar nan ta hana ni sanyi. Tambayi kowa, garejin nan a rufe ya yi wata uku. Shigo da ita mu gani."

Ya ɗaga motar sama da na'ura, suka shiga ƙarƙashi da fitila. Marcel ya shafa ƙarfen ƙasa, ya nuna masa yatsa fari fat.

"Gishirin da ake zuba wa titi don narkar da ƙanƙara. Yaushe ka fara hawa titi da ita lokacin sanyi?"

"Ban taɓa ba. A tirela nake kai ta tafki."

"To wani ya tuƙa ta da ƙafarta, a tsakiyar sanyi." Ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya da sifana. "Kuma dubi aiki, don Allah. Kowane noti an ɗaure shi daidai. Wanda ya yi wannan ba ya so motar ta lalace. Har murfin zubar da mai ya ɗaure da waya, irin na 'yan tsere."

Gunnar ya matsa da fitilar kusa da wayar. Ya daɗe yana kallon yadda aka murɗa ta.

Marcel ya fesa ruwan wanke inji a gefen giyabos ɗin, ya goge da tsumma. An kankare wani rubutu na rawayan fenti, amma inuwar lambobin ta fito. "Wannan rubutun filin tsofaffin motoci ne na wajen Selkirk, wurin Doreen. Ita ce ke ja wa bakwai ɗinta layi a tsakiya." Yana sauke motar ya ƙara da cewa, "Af, na ji Orest ya ci kofi bana. Shekara talatin yana bin bayanka, ka kwanta sau ɗaya ya zama gwani."

"Na sani," in ji Gunnar. "Ya kawo min na gani."

Daga nan suka wuce filin. Doreen Fiddler mace ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Ta buga lambar a kwamfuta.

"Ga shi nan. Giya biyar, na gida, ba a taɓa buɗe shi ba. Ya fita ranar tara ga Janairu."

Ranar shida ga Janairu Gunnar ya faɗi a ɗakin girkinsa. Ranar tara ko idonsa bai buɗe ba.

"Wa ya saya?"

"Bai ba da suna ba, ni ma ban tambaya ba. Dattijo ne dogo, mai gashin baki. Na tuna shi saboda ya ba ni tausayi. Har na rage masa."

"Tausayin me?"

"Ya ce motar amininsa ce da ya rasu, yana so ya gyara ta 'yar marigayin ta samu ta sayar. Da yana faɗa har idonsa ya kawo ruwa." Ta ɗago kai. "Kun san marigayin ne?"

Signy ta buɗe baki, Gunnar ya riƙe mata hannu.

"Na san shi," ya ce. "Mun gode."

A mota Signy ta ce a wuce ofishin 'yan sanda. Ya ce ta kai shi gidan Orest, ta jira a waje.

Ya same shi a garejinsa yana wanke kayan aiki. Shuɗiyar motar na tsaye a tsakiya, kofin gasar yana kan kanta. Gunnar ya ja kujera ya zauna, don ƙafar hagun ba ta jure tsayuwa.

"Ɗaga gabanta, Orest."

"Me ya faru? Ka ga Marcel?"

"Ɗaga ta."

Orest ya ɗauko jak da hannun hagu, kamar yadda yake ɗaukar komai. Da tayoyin suka bar ƙasa Gunnar ya sa bakin sandarsa ya tura ta dama. Ta hagu ta bi ta, tare suka juya.

"Ni ma na saka irin naka," in ji Orest. "Laifi ne?"

"Leƙa gefen da ke kallon batir. Akwai tsaga uku da na yi da zarto ranar da muka rufe shi. Kai ka riƙe min fitila."

Orest bai leƙa ba.

"An tuƙa motata a kan gishiri," Gunnar ya ci gaba. "Ba ta tashi sai an danna maɓallin da mu uku muka sani: ni, da Signy, da kai. Signy tana kwana a kujerar asibiti a Winnipeg. Ba a fasa kwaɗo ba, kai kuwa shekara goma sha biyu makullin garejina yana aljihunka. Wayar da ke kan murfin mai bahago ne ya murɗa ta, na ga irin murɗin nan ya fi sau ɗari. Duk da haka na ce wa kaina bahagwai da yawa a duniya. Sai da na je wurin Doreen. Ta ce in yi maka ta'aziyya."

Orest ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Ina tsaye likita ya ce wa Signy ta shirya," ya ce a hankali. "Ya ce da wuya ka kai Lahadi. Na san abin da zai biyo baya. Darcy zai sayar da ita ga duk wanda ya fara tayawa, a je a buga ta da turken lantarki. Aikin sanyi biyu, Gunnar. Rabin haƙoran nan ni na wanke su da hannuna."

"Lahadi ta zo ban mutu ba."

"Na yi niyyar mayarwa, wallahi. Sai na ce bari tseren Fabrairu ya wuce. Sau ɗaya kawai. Ka san abin da ake ji a zo na biyu shekara talatin, a bayan mutumin da kai ka ɗaure masa notuna?"

"Fabrairu ta wuce."

Orest ya sunkuyar da kai. "Na ga yadda ƙafarka ta koma. Na ce ba za ka sake tuƙi ba. Ba za ka taɓa sani ba."

"Sau biyu ke nan ka binne ni," in ji Gunnar. "Ka kawo min kofin nan har gado. Na riƙe shi da hannun da ya rage min, na yi maka kukan murna a gaban ma'aikatan jinya. Jiya-jiyan nan kuma ka turo ni in shaƙe Marcel."

"Ka kira 'yan sanda in kana so."

"Su yi min me? Su ba su iya ɗaura giyabos ba. Gobe ƙarfe takwas, garejin Marcel. Ka zo da motarka da kayan aikinka."

Haka aka yi. Motoci biyu a sama, ja da shuɗiya, Orest shi kaɗai a ƙarƙashinsu. Marcel ya jingina da bango yana shan shayinsa, bai miƙa masa ko sifana ba. Masu kawo gyara suna shigowa, su tsaya, su tambayi abin da ake yi, Marcel ya faɗa musu dalla-dalla. Kafin azahar babu wanda bai ji ba a Gimli. Gunnar yana kan kujera, bai yi magana ba sai sau biyu, duka don ya ce a ƙara ɗaure wani noti.

Wajen ƙarfe biyar aka sauke jar motar. Orest ya goge hannunsa, ya matso, ya miƙo shi. Gunnar ya buɗe tafin hannunsa sama.

"Makullin garejina."

Orest ya zare shi daga cikin nasa, ya ajiye masa, ya shiga shuɗiyar motarsa ya tafi.

Signy ce ta tuƙa su gida. Da suka hau babbar hanya injin ya ɗauki ihunsa na da, har gilashi yana rawa. Gunnar ya rufe ido ya saurara har suka iso ƙofar gida.

"Ki sa ta a kasuwa," ya ce.

"Baba, bayan duk wannan wahalar? Ka bari mu ga yadda ƙafar za ta yi zuwa baɗi."

"Ba ƙafar ba ce. Da wa zan je tafkin?" Ya lallaɓa ya fito, ya dafa rufin motar. "Ki rubuta giya biyar, tayoyin gaba suna ja tare, ta ci kofi bakwai. Duk mai tambaya ya zo ya same ni. Ki rubuta mai ita yana nan da ransa."