Takalmin Zamiyar Lurwanu

Na'urar ta buɗe ramukanta biyu, ta fitar da ɗan tururi, sannan ta ce a saka ƙafa. Matar da ke zaune a gabanta ta zura ƙafafunta. Wata farar kumfa mai ɗumi ta taso ta rufe su har ƙwauri, ɓawon roba kuma ya fara matsowa ta kowane gefe a hankali. A kan allo lamba ta tashi daga ɗaya zuwa biyu, zuwa uku. Tana kaiwa huɗu matar ta yamutsa fuska ta ce, "Wash, ya isa haka." Na'urar ta tsaya, ta ɗan saki, kumfar ta daskare. Bayan minti shida matar ta miƙe da jan takalmi mai tauri, tana takawa kamar an ɗaura mata bulo.

Sunan na'urar a takarda dogo ne, ba mai faɗinsa. Mutanen Birnin Laima Baduku suke ce mata.

A shekarar 2141 ke nan. An daɗe da rufe birnin da rumfar gilashi, tun da zafin rana ya wuce abin da jiki zai ɗauka. A tsakiyarsa aka gina Dutsen Sanyi, gini mai tsawon mita ɗari takwas. Cikinsa gangare ne, injina suna fesa masa dusar ƙanƙara ba tsayawa. Masu hali na zuwa wasan zamiya: su ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, su riƙe sanduna, su sulalo daga sama har ƙasa.

Lurwanu ba mai hali ba ne. Makanike ne na injinan sanyi, kuma shekara goma sha ɗaya ya yi a ƙarƙashin ginin, inda ake zubar da duk zafin da aka zuƙo daga dutsen. Zafin ya fara taɓa masa ƙoda. Likita ya ce ya bar wurin kafin shekara ta ƙare. Sai ga gurbi ɗaya ya buɗe a can ƙololuwa, wajen injinan feshi. Sharaɗin shi ne ma'aikaci ya iya gangarowa da kansa ta hanyar zamiya idan lif ɗin da ke hawa da sauka da mutane ya tsaya. An sa masa jarrabawa nan da kwana tara, sau ɗaya tak, kuma wanda ya faɗi fiye da sau biyu sai a ba wani gurbin. Shi kuwa ko a tafin hannu bai taɓa riƙe dusar ƙanƙara ba.

Da safe ya gaya wa matarsa Saude cewa zai je Ƙofar Gabas sayen kayan zamiya.

"Ƙofar Gabas?" in ji ta. "Shagon Baba yana nan bayanmu, kayan nan yake sayarwa."

"Can ma akwai Baduku."

"To idan ya ji, kai za ka yi masa bayani ko ni?"

Lurwanu ya ci gaba da ɗaura agogo.

"Shekara shida da aurenmu, har yau kana ganinsa kamar ka ga ɗan sanda. Ko ruwa ba ka taɓa sha a gabansa ba. Ranar sunan 'yarmu Hanifa ma azumi ka yi na dole."

"Ai ba yunwa nake ji ba."

"Shi ya sa ka cinye tukunya da ya tafi. Ka je wurin Baba, Injiniya."

Ya je. Yana shiga ya tarar da matar nan mai jan takalmi tana fita. Ya cire takalminsa a bakin ƙofa, ko da yake shago ne, ya durƙusa ya gaida Alhaji Badamasi, idonsa na kan tayil. Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba. Shi ma Injiniya yake ce masa.

"Na ji labari, Injiniya. Allah ya sa a dace. Tashi, tashi, zo mu gani."

Alhaji da kansa ya shiga zaɓo kayan. Ya jingina wa Lurwanu alluna a jiki, ya mayar da masu tsawo, ya bar waɗanda suka tsaya masa a haɓa.

"Sabon shiga kullum dogon allo yake so, don ya ga na gwanaye. Dogo gudu yake, gajere shi ke jin magana. Kai mai jin magana kake nema."

"Haka ne, Baba."

Ya gwada masa sanduna, ya ce gwiwar hannu ta tsaya a lanƙwashe daidai. Ya ɗora masa hular kwano, ya girgiza ta ya ga ba ta rawa. Ya kawo tabarau, safar hannu, da wata siririyar safa doguwa.

"Guda ɗaya za ka sa. Mutanenmu sai su jera safa uku don tsoron sanyi, jini ya kasa wucewa. Sannan kowa ya zo sai ya ce a ba shi takalmi mai sarari. Na ce wannan ba takalmin Idi ba ne da za a saya wa yaro ya girma a ciki."

Da suka zo gaban Baduku, Alhaji ya ɗaga hannu. "Sauran kayan ka saya, na yarda. Takalmin kuwa kyauta ce daga gare ni. Kada ma ka buɗe baki."

Ya kamata a bayyana yadda Baduku ke aiki. A zamiya, takalmi shi ke isar da umarnin ƙafa ga allo. In da sarari a ciki, ƙafa ta juya allo bai juya ba, mutum ya faɗi. Saboda haka gwargwadon matsewar takalmi, gwargwadon biyayyar allo. Amma matsi idan ya yi yawa yana tsayar da jini, kuma kowane mutum da iyakarsa. Waɗanda suka ƙera na'urar a wata ƙasa mai nisa sun ga awon tsawo da faɗi ba zai nuna wannan iyaka ba, sai suka bar wa mai ƙafar. Baduku yana matsawa mataki mataki, daga ɗaya zuwa goma. Yana da kyamara da ke kallon fuska da kunne da ke sauraron murya. Da zarar fuska ta motsa ko baki ya ce ya isa, sai ya tsaya. Yawancin mutane a huɗu ko biyar suke tsayawa. Idan kumfar ta daskare ba a sake gyara ta.

A ka'ida, akan ja labule a bar mutum shi kaɗai da na'urar. Alhaji ya ga bai dace ya bar surukinsa kamar baƙo ba. Ya jawo kujera ya zauna daidai bayan kyamarar.

Lurwanu ya zura ƙafa. Kumfa ta taso.

"A ɗaga kai, don Allah," in ji Baduku. "Ba na ganin fuska."

Ya ɗaga. Fuskar Alhaji ce a gabansa. Sai ya sauke ido, ya daidaita fuskarsa yadda ya saba daidaita ta shekara shida.

Uku. Huɗu.

"Wannan injin," in ji Alhaji yana shafa gefenta, "tunda na kawo shi ba wanda ya dawo mini da ƙorafi. Ko mutum ɗaya."

Biyar. Lurwanu ya ji babban yatsansa ya hau kan na kusa da shi. Ya yi niyyar magana, sai dai Alhaji bai gama tasa ba, yana ba da labarin yadda aka shigo da na'urar ta jirgin ƙasa. Ba a katse suruki.

Shida. Bakwai.

"Akwai damuwa?" in ji Baduku.

Alhaji ya leƙa allon na'urar. "Bakwai? In ya matse ka faɗa fa, Injiniya."

"Lafiya lau, Baba."

"Ka gani ko. Mai aikin ƙarfe daban yake."

Bayan wannan yabo babu sauran hanyar cewa ya isa. Takwas. Gumi ya gangaro masa ta bayan kunne, inda kyamara ba ta kallo. A tara ne gefen bakinsa ya ɗan motsa ba da saninsa ba. Baduku ya tsaya, ya ɗan saki, kumfar ta daskare. Takalmin baƙi ne mai ratsin ruwan toka. Lurwanu ya durƙusa a cikinsa da ƙyar, ya yi godiya.

Washegari ya fara koyo a ƙaramin gangare. Minti goma na farko zafi ne kamar an sa ƙafar a matsi na maƙera. Daga nan sai ya daina jin komai, kuma allunan suka riƙa bin sa kamar da su aka haife shi. Malamar da ke koyar da sababbi ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya iya juyawa a rana ta biyu ba. A rana ta huɗu ta kai shi tsakiyar dutse.

A rana ta bakwai Saude ta same shi a tsakar gida yana alwalar la'asar. Ta tsaya da kwano a hannu.

"Mene ne wannan a yatsunka?"

"Sanyi ne. Kowa haka yake yi da farko."

Ta ajiye kwanon, ta tsuguna, ta danna ƙaramin yatsan da farce. Ya yi shuɗi-shuɗi, farcen ya yi baƙi. "Ka ji?"

"Na ji."

"Ƙarya kake, idona kake kallo don ka san ko na danna. Takalmin ne. A nawa ka tsayar da shi?"

Ya faɗa mata.

"Tara. Ni a huɗu na yi ihu har Baba ya yi mini dariya. Bakinka ciwo yake?"

"Yana zaune a gabana."

"To sai me? Cinye ka zai yi?" Ta miƙe ta ɗauko mayafi. "Bari in je ya zuba maka wani."

"Baduku ba ya karɓar kumburarriyar ƙafa. Sai ta huta kwana biyar. Jibi ne jarrabawa."

Ta tsaya a ƙofa.

"In na rasa wannan, ƙasa zan koma," in ji shi. "Kin ji abin da likita ya ce. Kuma ki je ki ce masa me? Kyautar da ya yi mini ce ta ɓata mini ƙafa?"

 Sai ta cire mayafin, ta je ta ɗora ruwan ɗumi.

Ranar jarrabawa lif ya kai shi ƙololuwa da ƙarfe goma na safe. Sai da ya ɗauki rabin sa'a kafin ƙafar ta shiga takalmin. Ƙananan jirage biyu marasa matuƙi suka bi shi suna ɗaukar hoto. Ya sulalo. Ya bi lanƙwasa goma sha huɗu, ya ratsa wurin da ƙanƙara ta yi santsi kamar gilashi, inda ko gwanaye kan taɓa ƙasa da hannu. Bai faɗi ko sau ɗaya ba. Allon sakamako da ke gindin dutsen ya nuna minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu, lokacin da wani sabon shiga bai taɓa yi ba tun da aka gina dutsen. Nan take saƙon ɗaukar aiki ya shigo agogonsa.

Takalmin ne ya ƙi fita. A asibiti aka yanka shi da zarto.

An cire yatsu biyu a hagu, ɗaya a dama. Jijiyoyin tafin ƙafar kuma sun mutu. Likitar ta ce zai yi tafiya, zai ma yi zamiya, amma ba zai ƙara jin zafi ko sanyi daga idon sawu zuwa ƙasa ba.

Ta dawo da yamma da allon rubutu a hannu. Doka ce a rubuta sanadin duk raunin da aka samu a dutsen, a aika wa kamfanin da ke gudanar da shi. Alhaji Badamasi yana zaune a gefen gado tun azahar, yana ɓare lemo yana jerawa a faranti, ko da yake ya san ba za a sha a gabansa ba. Idanunsa sun yi ja.

"Malam Lurwanu," in ji likitar, "raunin nan ya fi kama da na matsi. Takalmin yana damunka kafin yau?"

Alhaji ya daina ɓare lemon.

"A'a, likita. Sanyi ne. Ban saba ba."

"Ka tabbata?"

"Takalmin lafiyarsa ƙalau."

Likitar ta dubi Saude. Saude ta dubi mahaifinta, sai ta sunkuyar da kai tana gyara bargo. Likitar ta rubuta sanyi.

Duk Badukan da ke birnin, su ashirin da shida, ƙwaƙwalwa ɗaya suke amfani da ita, kuma tana koyo ne daga sakamako. A ƙarshen wata ta haɗa abin da ke gabanta: mutum ɗaya, mataki na tara, babu ƙorafi a shago, babu ƙorafi a asibiti, babu faɗuwa, lokaci mafi kyau a tarihin dutsen. Ta kwatanta shi da dubban da suka tsaya a huɗu suka yi ta faɗuwa. Abin da ta fahimta shi ne mutanen wannan birni suna saurin cewa ya isa. Daga ranar ɗaya ga wata, idan mutum ya ce ya isa, Baduku yakan amsa da ladabi cewa ya ji, sannan ya ƙara mataki biyu.

Lurwanu ya kama aiki bayan mako shida, da sabon takalmi. Ƙodarsa ta lafa. Da yake sanyi ba ya damun ƙafarsa, yana iya yin awa tara a ƙololuwa inda sauran ke yin huɗu, kamfanin kuwa ya lura da haka ya gyara masa jadawali.

Daga wajen injinan feshi ana hango gangaren duka. Yakan ga sababbi suna sulalowa tsaf, alluna na yi musu biyayya. Yakan kuma ga yadda suke zama a bencin ƙasa su daɗe, hannu a kan maɓallin takalmi, ba su buɗe ba tukuna. Ba wanda ya tambaye shi komai.

A rahoton ƙarshen shekara, faɗuwar sababbin 'yan zamiya ta ragu da kashi arba'in cikin ɗari. Kamfanin ya sa aka fara haƙa harsashin dutse na biyu, wanda zai fi na farko tsawo.