Ɓarawon da Ya Ɗaure Wayoyi

Ƙarfe tara da rabi na safe suka shigo caji ofis su biyu. Yarinyar ɗaliba ce a sashen kwamfuta, Auta ake ce mata, idonta ya kumbura don kuka. Mutumin da ya rako ta furodusa ne na wani shirin talabijin, ya sha turare har Saje sai da ya yi atishawa.

Sufeto ya san shirin, ba don yana so ba. 'Ya'yansa mata uku ba sa bari a taɓa rimot idan an fara. Matasa goma ake tarawa a gida ɗaya, kyamara har a kicin, su haɗa injunan kwamfuta, su yi faɗa, su yi kuka, duk mako a kori ɗaya.

"Kowane ɗan takara mun ba shi furosesa ɗaya," in ji furodusa. "Ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, yallaɓai. Ba ta kai akwatin ashana ba, amma ta fi babur tsada. Sauran kayan shi zai nemo ya haɗa. Yau ƙarfe huɗu motarmu za ta zo. Wanda injinsa bai kunna ba, an yi babu shi."

"Taki fa?" Sufeto ya tambayi Auta.

"Da safe na danna, shiru. Na cire fanka, babu ita. Wata huɗu ina haɗa injin nan, yallaɓai."

"Kayan kamfani ne," furodusa ya sa baki. "Kamfani ne ya kawo ƙara. A rubuta haka."

Saje ya rubuta haka.

Ɗakin Auta ɗan ƙarami ne, gado da teburi, sai kwalaye cike da matattun alluna na kwamfuta da ta tsinto. Ƙofa lafiya lau, taga lafiya lau. Injin yana kan teburi, cikinsa a buɗe.

Sufeto ya leƙa. A gurbin da furosesa take zama, wani baƙin murfin roba ne a manne.

"Wannan fa?"

Auta ta share hanci. "Kariya ce. A ƙarƙashinsa akwai allurai fiye da dubu, sirara kamar gashi. Ɗaya ta lanƙwashe, allon ya mutu."

"Ke kika sa?"

"A'a. Nawa na jefar tun ranar da na sayi allon."

Sufeto ya miƙe. Shekara ashirin da biyu yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda ya zo da kayan kariya daga gida ba, don kada abin da ya bari ya lalace.

Mahaifiyarta na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce jiya da la'asar ɗan ajinsu ya zo, wani dogon yaro mai tabarau da suke kira Farfesa.

"Shi ne na farko a jerin masu jiran gado," in ji Auta da sauri. "In na faɗi, shi zai shiga."

A makaranta suka same shi, yana cika baki a tsakiyar abokai. Da ya ga kaki sai muryarsa ta koma ciki.

"Rabona da gidansu mako guda."

"Mahaifiyarta ta ba ka ruwa jiya. Ko ita ma ƙarya take?"

Farfesa ya gyara tabarau sau biyu. "Na je. Minti goma kawai na yi. Hoto na ɗauka lokacin da ta fita, ina so in ga yadda ta jera kayanta. Wallahi ban taɓa komai ba."

"Kawo wayar."

Hoton na ƙarfe biyar da minti shida ne. Injin a kunne, fitilunsa na haske. Sai dai wayoyin cikinsa a hargitse suke kamar saƙar gizo-gizo. Sufeto ya daɗe yana kallo, saboda injin da ya gani da safe ba haka yake ba. Wayoyinsa a jere suke, an ɗaure su kashi-kashi da guntayen koriyar waya, an murɗe bakin kowace an soke ta ciki.

Ya kira Auta a waya. "Kin gyara wayoyin injinki jiya?"

"Ni? Ban taɓa ɗaure waya ba. Ba ni da wannan haƙurin." Sai ta fara wata magana, ta katse.

"Akwai magana?"

"Babu, yallaɓai."

Sufeto ya mayar wa Farfesa wayarsa. "Kai ɗan leƙen asiri ne, ba ɓarawo ba. Tafi ka koyi kunya."

Ƙarfe ɗaya suka koma gidan. Furodusa ya riga su, har ya kawo mai kyamara, wai don kada a rasa komai. Mahaifiyar ta ce jiya ƙarfe shida aka nuna ɗan tarihin Auta a talabijin, gida ya cika da maƙwabta ana ta guɗa, ita kuma Auta tana waje tana karɓar barka.

"Nuna min," in ji Sufeto.

Furodusa ya miƙo wayarsa da alfahari. Ga Auta a zaune cikin kwalayenta, an sa kiɗa mai sosa zuciya. "Ba wanda ya koya min," take cewa. "Ni kaɗai na koya wa kaina, daga bola." A bayanta wani mutum ya gifta ɗauke da akwati, kansa bai ma shiga hoton ba.

"Wane ne wannan mara kai?"

"Yayanta ne," in ji mahaifiyar. "Mai shagon gyara da ke ƙofar gida."

"Shi bai yi magana ba?"

"Ya yi, kusan awa guda," in ji furodusa. "Mun yanke. Yallaɓai, yarinyar da yayanta ya koya mata, wa zai zauna ya kalla? Yarinyar da ta taso ita kaɗai, wannan shi ne labari."

"Shi ma ya kalla jiya?"

Mahaifiyar ta sunkuyar da kai. "Shi ya jera wa mutane kujeru. Ana gamawa ban ƙara ganinsa ba."

Shagon bai fi tsawon mota ba. Yayan mutum ne mai kusan shekara arba'in, yatsunsa duk tabon ƙuna. Yana kan wani tsohon inji, bai ɗago ba sai da aka yi sallama sau biyu.

"Jiya da yamma ina kake?"

"Nan."

"Ka shiga ɗakin ƙanwarka?"

"Me zai kai ni? Tun da aka ɗauke ta ta hana ni taɓa injin. Wai dokar gasa."

Sufeto ya ƙarasa cikin shagon. Ya bi injunan da ke kan kanta ɗaya bayan ɗaya, guda bakwai, kowanne cikinsa a buɗe. Kowanne an ɗaure wayoyinsa da koriyar waya, an murɗe baki an soke ciki. A kusurwa akwai tsohuwar kwalbar alewa cike da baƙaƙen murafun roba.

Ya ɗauki kwalbar ya girgiza. "Malam, duk unguwar nan wa yake tara irin waɗannan?"

Yayan ya ajiye sukundireba a hankali.

"Da ka ɗauke ka tafi, da yanzu Farfesa yana bayan kanta," in ji Sufeto. "Me ya sa ka tsaya ɗaure waya?"

"Ɗaya tana gogar fanka," ya ce. "Kwana biyu za ta tsinke. Na gani, hannuna ya ƙi wucewa."

Ya jawo aljihun teburi. Furosesar na nan cikin ledarta ta musamman, an naɗe da soso, ko ƙura ba ta taɓa ba.

Auta ta shigo da gudu, ta tsaya cak. "Yaya?"

"Tana da shekara takwas na ɗora ta a kan kujerar nan," ya ce, da Sufeto yake magana, bai dube ta ba. "Ni na bar makaranta na riƙe shago don ita ta yi. Bolar da take faɗa, kwandon shagona ne, kuma ni nake zuba masu kyau a ciki don ta tsinta ta ji daɗi. Jiya a gaban mutanen da suka san komai ta ce ba wanda ya koya mata. Suka juyo suna kallona, wasu har da dariya. Ba sayarwa zan yi ba, yallaɓai. Cewa na yi da safe in ya ƙi kunnawa za ta zo ta ce, Yaya, duba min. Da ta faɗa, da na mayar. Sai ta wuce ta gaban shagona ta tafi wurin 'yan sanda."

"Su suka rubuta min abin da zan ce!" Auta ta fashe da kuka. "Yallaɓai, na janye. Na yafe."

"Ba ke kika kawo ƙara ba," in ji Sufeto.

Kowa ya juya wajen furodusa. Shi kuwa fuskarsa sai walƙiya take yi, kamar wanda aka yi wa albishir. "Kamfani ba ya janye ƙara. Amma a ɗauki lambar furosesar a ba yarinyar kayanta, saura awa biyu. Yarinya, kin san abin da kika samu yau? Labarin nan ya fi injin."

Sufeto ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. Doka dai ba ta hana mutum zama haka ba. Ya sa Saje ya rubuta lambar, ya miƙa wa Auta ledar, ya ce ba sai an sa wa Yayan ankwa ba.

Mai kyamara yana biye da su har bakin motar 'yan sanda. Nan Yayan ya tsaya, ya waiwayo.

"Auta, in za ki mayar, ki goge tsohon man sanyaya furosesar tukuna. Sabon kuma ɗigo ɗaya ya isa, kada ki cika."

"Malam, sake faɗa da ƙarfi," in ji furodusa. "Makirufo bai ɗauka ba."

Yayan ya dubi ƙanwarsa, yana jira ta ce a kashe kyamarar. Ta buɗe baki. Furodusa ya nuna mata agogo, sannan ya nuna mata inda za ta tsaya don haske ya sauka a fuskarta. Ta matsa wurin.

Yayan bai sake faɗa ba. Ya shiga mota ya ja ƙofar da kansa.